Tubabben ɗan duniya da yarinya mai kan gado: wane littafi za a fara saya?

Ƙanwata ta gama kallon zango na biyu na fim ɗin Bridgerton a Netflix, ta zo ta same ni da waya a hannu. "Yaya, kuɗin littafi ɗaya gare ni, in na matse biyu. Ina son irin labarin nan na basaraken da ya gama sheƙe ayarsa, sannan ya gamu da wadda ta fi ƙarfinsa. Amma ban son mai sa kuka. Wanne zan saya?" Na ce ta nemi wuri ta zauna, don littattafan nan gida biyu ne, kuma wanda ya faɗa gidan da ba nasa ba zai fito yana cewa duk shirme ne.

Shi ɗan duniyan da mace ke zama sanadin tubarsa ba jiya aka haife shi ba. Tun a 1748 marubucin Ingila Samuel Richardson ya yi gargaɗi a gabatarwar littafinsa Clarissa kan wani zance da ya yi yawa a bakin mutanen zamaninsa, wai tubabben manemin mata shi ya fi kowa iya riƙon aure. Mu ma muna da ɗan'uwan wannan zance, wato "a yi masa aure, zai natsu", kuma kowa ya san gidajen da aka gwada bai ci ba. Marubuciyar Ingila Jane Austen ma ba ta taɓa yarda da wannan zance ba, shaƙiyyan da ke cikin littattafanta yadda suka shigo haka suke fita. Dalilin tsoron kuwa a fili yake. A Ingilar wancan lokaci, da zarar an ɗaura aure dukiyar mace ta koma hannun miji, ba a gyara wannan doka ba sai a 1870 da 1882. Saki kuma kafin 1857 sai an je majalisar dokoki ta yi doka ta musamman a kan auren, abin da sai mai hannu da shuni yake iyawa. Saboda haka idan jarumar littafi tana jan ƙafa, ba yanga take yi ba. Ta san in ta zaɓi tumun dare, babu hanyar komawa gida.

Wadda ta mayar da wannan abin tsoro ya zama abin dariya ita ce Georgette Heyer, 'yar Landan, an haife ta a 1902 ta rasu a 1974. Ta rubuta littattafai sama da 50, kuma ita ta buɗe wa marubutan soyayya zamanin riƙon ƙwarya na Ingila, wato daga 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki Joji na Uku ya samu taɓin hankali ɗansa ya riƙe masa mulki. Gida na farko ke nan. Gida na biyu na marubutan Amurka ne da suka gaji filin daga shekarun 1990 zuwa yau, irin su Loretta Chase da Julia Quinn da Lisa Kleypas. Kaya iri ɗaya suke sayarwa: keken doki, liyafar rawa, iyaye mata masu farautar suruki, basarake mai kuɗi da baƙin suna. Bambancin yana wajen girki.

Abu na farko da na faɗa wa ƙanwata, don shi zai fi saurin raba gardama, shi ne maganar kunya. Heyer tana rufe ƙofa. Iyakar abin da za a gani sumba ce, ita ma galibi sai an kusa shafin ƙarshe. Marubutan gida na biyu kuwa har ƙuryar ɗaki suke bin ma'auratan, su kwatanta komai filla-filla, shafi bayan shafi. Ana iya tsallakewa, na san masu yin haka, amma a wasu littattafan a daidai wurin ne ake faɗin maganar da labarin ya rataya a kanta, in ka tsallake ka rasa zare. Bangon littattafan ma, musamman tsofaffin bugu, ba irin wanda ake mantawa a kan kujerar falo ba ne. Wanda wannan ya dame shi, shawara ta ƙare tun nan, ya nufi wajen Heyer. Giya da caca dai babu gidan da ya kuɓuta daga gare su, don su ne sana'ar jaruman.

Sai Turanci, kuma a nan reshe yake juyewa da mujiya. Quinn tana rubutu da Turancin yau mai sauƙi, jimloli gajeru, barkwanci irin na fim. Wanda ya gama sakandare zai bi ta ba tare da ƙamus ba. Heyer kuwa ta tara littattafan tarihi sama da 1,000 a gidanta, tana da kundaye da ta cika da kalmomin mutanen wancan zamani, na 'yan dambe da direbobin keken doki da mashaya, kuma ba ta tausayin mai karatu wajen zuba su. Shafuka 30 na farko na littafinta kamar hawan dutse ne. Akwai kalmomin da ko Baturen Ingila na yau sai ya tsaya ya yi tunani. Sirrin shi ne kada a tsaya bin kowace kalma. In mutum ya saki jiki, kunnensa zai saba, ya gane cewa kalma goma daban-daban duk "ya bugu" suke nufi. Bayan an wuce wannan gaɓa sai a tarar da ladan wahalar, domin a iya hira tsakanin mutum biyu masu kaifin baki, ban ga wanda ya kama ƙafarta ba a cikin magadanta.

Tunda daga fim ta taso, littafin da ya fi kusa da hannun ƙanwata shi ne The Viscount Who Loved Me na Quinn, wanda ya fito a 2000, na biyu cikin littattafai takwas na gidan Bridgerton, kuma daga shi aka ɗauko zangon da ta kalla. Abokin karawarsa a gidan Heyer shi ne Frederica na 1965. Na haɗa su ne don ƙashin bayansu ɗaya: yaya mace mai hankali ta kawo kyakkyawar ƙanwarta Landan neman miji, ita ta cire kanta daga lissafi, sai basaraken ya ƙyale ƙanwar ya liƙe wa yayar.

A na Quinn, Anthony, babban ɗan gidan Bridgerton, ya yanke shawarar yin aure a 1814 bisa sharaɗin ba zai so matar ba. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 38, ƙudan zuma ne ya harbe shi, shi kuma Anthony, da yake ɗan shekara 18 a lokacin, ya sa wa ransa cewa ba zai wuce shekarun ubansa ba. Ya zaɓi Edwina, yayarta Kate ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta bar ƙanwarta ta auri mai irin wannan suna ba. Littafin yana da daɗi, yana gudu. Wasan buga ƙwallon katako da 'yan gidan suke yi a filin gidan gonarsu, kowa yana ƙoƙarin cutar ɗan'uwansa, yana cikin wurare mafi ban dariya da na karanta a wannan fanni. Na kuma yaba yadda aka yi matar uban Kate mutuniyar kirki mai riƙon amana, abin da ba kasafai marubuta ke yarda su yi ba. Wanda ya kalli fim ya san da cewa an canza abubuwa da yawa. A littafi sunan gidansu Sheffield, ba daga Indiya suka zo ba, kuma maganar Anthony da Edwina ba ta kai ga taron ɗaurin aure ba, ƙudan zuma ne ya sake shigowa ya yanke hukunci tun da wuri.

Inda na samu littafin da rauni shi ne duniyancin Anthony. Faɗa mana ake ta yi, ba mu cika gani ba. A zahiri mutum ne mai ɗauke da nauyin uwa da ƙanne bakwai, mai tsoron mutuwa. Abin da yake warkewa daga gare shi tsoro ne, ba lalata ba. Wannan ba laifi ba ne, amma wadda ta zo neman tubar tantiri za ta tarar da ɗan kirki ne aka sa wa rigar tantirai.

Alverstoke na cikin Frederica shekararsa 37, kuma cutarsa ta fi ta Anthony muni don ba ta da uzuri: gundura da son kai. Yana da kuɗi, mata sun zo sun tafi, babu wanda ya taɓa ɗaga wa yatsa in ba zai ji daɗi ba. Frederica, 'yar shekara 24 da ke riƙe da gidansu tun rasuwar iyaye, ta zo masa da wata 'yar dangantaka mai nisa kamar daga nan zuwa bangon duniya, ta roƙe shi ya gabatar da ƙanwarta Charis ga manyan gari. Ya amince, ba don Allah ba, sai don ya ƙuntata wa 'yar'uwarsa da ke damunsa ya shirya wa 'yarta liyafa. Daga nan kaya suka fara hawa kansa ɗaya bayan ɗaya. Karen su Frederica ya kori shanu a wani lambun tsakiyar Landan, aka kawo masa ƙara har gida. Ƙaramin ƙanenta, Felix, ɗan shekara 12 da ba shi da zance sai injin tururi, ya ja shi kallon masana'antar narka ƙarfe, shi da ko ƙura ba ya son ta taɓa masa riga. Sannan yaron ya maƙale a jikin babban balan-balan mai ɗaukar mutane ya tashi sama da shi, ya faɗo, ya kwanta zazzaɓi mai tsanani a wani gidan gona. A nan ne mutumin da bai taɓa hana kansa barci don wani ba ya zauna jinyar yaron da ba nasa ba, suna karɓa-karɓa da Frederica.

Abin da ya sa na fifita wannan littafi shi ne ko sau ɗaya Frederica ba ta zauna gyaran Alverstoke ba. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ma lura yana sonta ba, hankalinta yana kan kuɗin haya da karatun ƙanne da shirmen Charis. Aiki kawai ya yi ta faɗo masa, ya yi ta ɗauka yana gunaguni, har ya waiga ya ga ya zama wani mutum. Irin wannan tuba ce nake iya gaskatawa, don an ga inda ta bi ta zo. Laifin littafin tsawo ne, da tafiyar hawainiya a tsakiya, kuma mai jiran kalaman soyayya zai jira har ya gaji.

Akwai wasu biyu da ke tafiya tare saboda dalili mai ban dariya: a kowanne jarumar ta ɗirka wa jarumin bindiga. A Devil's Cub na Heyer, 1932, wanda labarinsa ya faru wajajen 1780, Vidal ɗan shekara 24 ne da ya harbe ɗan fashi a shafukan farko ya bar gawar a kan hanya don kada ya makara zuwa liyafa. Ya shirya guduwa Faransa da wata yarinya, yayarta Mary ta rufe fuska ta je a madadinta don ta tsare mutuncin gida, shi kuma da ya gane ya tafi da ita da ƙarfin tsiya. Da ya matso ta harbe shi a hannu, daga nan ya dawo hayyacinsa. A Lord of Scoundrels na Chase, 1995, Jessica ta je birnin Faris ƙwato sakaran ƙanenta daga hannun jarumin, Dain, ya zubar mata da mutunci a bainar jama'a, ta yi kwalliya ta je har inda yake ta harbe shi, sannan ta aiko masa da lauya. Na Chase ya fi ban dariya, kuma Jessica ta fi kowace jaruma da na ambata sanin abin da take so. Shi ma Dain an nuna tushen lalacewarsa, uban da ya tsane shi da uwar da ta gudu ta bar shi, kuma jarrabawar tubarsa mai nauyi ce, don sai da matar ta sa shi ya karɓi ɗan da ya haifa a waje ya yi watsi da shi. Sai dai a duk jerin nan shi ya fi buɗe ƙofar ɗaki. Na Heyer kuma, duk da tsabtarsa ta wannan fuska, akwai shaƙa da barazanar fin ƙarfi a farkonsa da mai karatun yau zai ji sun tsaya masa a wuya. Ban ba ƙanwata shawarar fara da ko ɗaya cikinsu ba.

Da ni aka tambaya wanne ya fi duka kyau, ba wanne ya kamata a fara da shi ba, da Venetia na ce, na Heyer, 1958. A nan ne kawai ɗan duniyan na gaske ne kuma littafin bai ɓoye ba. Damerel ya gudu da matar aure tun yana saurayi, ya ƙarar da shekaru da dukiya a yawon banza a ƙasashen Turai, har iyaye mata a yankin Yorkshire suna hana 'ya'yansu bi ta ƙofar gidansa. Venetia shekararta 25, ba ta taɓa nisa da gida ba, tana kula da gona da ƙanenta Aubrey mai ciwon ƙugu, wanda ba ya ganin komai sai littattafan Girkanci. Manemanta biyu: wani kamili mai gundura da yake mata magana kamar malamin makaranta, da wani ɗan shekara 19 mai kwaikwayon mawaƙan baƙin ciki. Haɗuwarta ta farko da Damerel ba ta da kyau, ya same ta tana tsinkar 'ya'yan itace a gonarsa ya sumbace ta ba da izininta ba, kuma ban ga dalilin wanke shi a kan wannan ba. Amma da Aubrey ya faɗo daga doki aka kai shi gidan Damerel jinya, sai abin da ya tsiro tsakaninsu ya zama abota. Suna dariya a kan abu ɗaya, wannan ya fara baiti wancan ta ƙarasa. Ita ba ta taɓa samun wanda ya gane barkwancinta ba sai shi.

Venetia ta san tarihinsa sarai, tana ma tsokanarsa da shi, kuma ba ta yaudari kanta cewa zai wayi gari waliyyi ba. Tubarsa ta bayyana ne ta hanyar da ba a zata ba: ya ƙi aurenta, don ya san baƙin sunansa zai shafe ta, ya sallame ta tana so yana so. Hankalin jarumar kuma ba na zama a haƙura ba ne, ita ta auna komai ta tashi ta nemo mafita da kanta. Ba zan faɗi yadda ta yi ba, don a nan daɗin littafin yake. Gargaɗi biyu: baitocin tsofaffin mawaƙan Ingila da suke jifan juna da su suna ƙara wa Turancin nauyi, kuma kashi na ƙarshe yana da ɗan sanyin jiki. Wadda ta ce ba ta son mai sa kuka tana iya share ƙwalla sau ɗaya.

Kishiyarsa a gida na biyu ita ce Devil in Winter na Kleypas, 2006, labarin 1843. Jarumin, St. Vincent, shi ne mugun littafin Kleypas da ya gabaci wannan, inda ya sace budurwar amininsa. Evie, mai kunya da in'ina, ta gudo daga dangin da ke azabtar da ita don gadonta, ta same shi ta ce ya aure ta: shi ya samu kuɗi, ita ta samu kariya. Suka kama hanyar Gretna Green, ƙauyen farko bayan an tsallaka iyakar Sikotilan, inda masoya ke gudu tun bayan dokar 1753 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 21 aure a Ingila ba da yardar iyaye ba, maƙerin gari ya ɗaura musu. Ta gindaya masa sharaɗin wata uku na kame kai, ya kuma karɓi ragamar gidan cacar mahaifinta da ke kwance da tarin fuka. Shi ma aiki ne ya gyara shi, kamar Alverstoke, kuma na yarda da tubarsa fiye da ta Anthony. Amma da duka da jinya da harbi a ciki, ban san wanda zai kira shi littafin nishaɗi ba, kuma sai an karanta wanda ya gabace shi ake jin nauyinsa.

Wanda kuma ya gaji da maganar tuba gaba ɗaya, akwai Black Sheep na Heyer, 1966. An kori Miles zuwa Indiya saboda abin kunya, ya dawo garin Bath bayan shekara 20 bai damu da ra'ayin kowa ba, kuma har littafin ya ƙare bai nemi gafarar kowa ba. Gajere ne, hirarsa da jarumar, Abigail, kamar wasan takobi.

Wannan Indiya da Miles ya tara dukiyarsa ta tuno mini abin da gidajen biyu suka haɗu a kai: babu mai tambayar daga ina kuɗin liyafar ke fitowa. Birtaniya ta hana cinikin bayi a 1807, amma bautar kanta ba a soke ta a yankunan mulkinta ba sai da dokar 1833, wato duk rawar da ake takawa a zamanin riƙon ƙwarya, ana noman rake da bayi a can tsibiran Karebiyan. Heyer ta ƙara da nata, tana da girmama jinin sarauta har ya yi yawa, kuma a The Grand Sophy na 1950 ta zana wani Bayahude mai ba da bashi da siffofin ƙiyayya tsagwaronsu. Marubutan yau sun fi taka-tsantsan ta wannan fuska, sai dai su kuma mutanensu Amurkawan yau ne sanye da tufafin da, suna tunani da magana kamar waɗanda suka sauko daga jirgi jiya.

Na ce wa ƙanwata in kuɗin littafi ɗaya ne, kuma tana so ta iya karanta shi a tsakar gida ba tare da ɓoye bango ba, ta sayi Frederica, ta yi haƙuri da shafukan farko. In Turancin ne abin tsoronta kuma buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta dame ta ba, ta ɗauki na Quinn, za ta cinye shi a kwana biyu. In kuɗin sun kai na biyu, Venetia, amma bayan kunnenta ya saba da bakin Heyer. Mai son ɗanɗana kafin ya kashe ko kwabo zai samu littafin Heyer na farko, The Black Moth na 1921, kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, sai dai ya tuna ta fara shi ne tana 'yar shekara 17 don ta ɗebe wa ƙanenta marar lafiya kewa, kada ya auna ta da shi.

Frederica ta saya. Kwana uku ta turo mini saƙo: "Yaya, na wuce shafi 100, ko hannu ba a riƙe ba, sai kare da injin tururi." Ban ba ta amsa ba. Daren Juma'a, wajen ƙarfe ɗaya, wayata ta sake ƙara. "Yaya, don Allah faɗa mini kawai, Felix zai tashi?"